Baƙon da bai ci abincin gari ba, da saura a ganin da ya yi wa garin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani giɓi da na daɗe ina lura da shi a labaran tafiye-tafiye, waɗanda ake bugawa a jaridu da waɗanda matafiya ke bayarwa da baki idan sun dawo. Mutum zai yi mako biyu a wani babban birni, ya dawo ya cika maka kunne da tsawon benaye da faɗin tituna da girman kantuna, amma idan ka tambaye shi abin da mutanen garin ke karyawa da shi da safe, ko abin da leburan tashar jirgin ruwa ke ci da rana, sai ya yi shiru, domin shi a otal ya ci, ko kuwa a ɗaya daga cikin gidajen abincin nan masu rassa a ko'ina, waɗanda ɗanɗanonsu ɗaya ne duk ƙasar da ka je. A ganina wannan asara ce babba, kuma asara ce da ba ta da dalili, tunda abincin da ake gudu shi ne mafi araha a cikin duk abin da matafiyi zai kashe wa kuɗi.

Matafiyan zamanin da ba haka suke ba. Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan da ya bar garin Tanja na Maroko a 1325, da ya isa Mogadishu wajen 1331 bai tsaya ga bayanin sarki da alƙali kaɗai ba, sai da ya faɗi abin da aka kawo masa a akushi: shinkafa dafaffiya da man shanu, da miyar kaza da nama da kifi da ganye a kai, da ɗanyar ayaba da aka dafa da madara, da kindirmo wanda aka sa wa lemon tsami da barkono da ɗanyar citta da mangwaro. Har ya ƙara da cewa mutum ɗaya a garin yakan ci abin da jama'a guda za ta ci a ƙasarsu. Kusan shekara 700 ke nan, amma wanda ya karanta wannan bayani ya san cewa garin yana da wadata, yana kuma hulɗa da Indiya ta teku, ba tare da an lissafa masa jiragen da ke tashar ba.

Abin da na fi so in ja hankali a kansa shi ne burodin da ake tsagawa a cusa wani abu a ciki, wato sanwici, domin kusan kowane babban birni yana da irin nasa, kuma kusan ko'ina abincin mai sauri ne, wanda aiki bai bar shi ya zauna ba. Sunan dai daga Ingila ya fito. An samo shi daga sarautar John Montagu, wanda ya rayu daga 1718 zuwa 1792, mai riƙe da sarautar gargajiya ta garin Sandwich, kuma masanin tarihi Edward Gibbon ya rubuta kalmar a littafin ajiyar bayanansa tun a 1762. An fi yaɗa labarin cewa a teburin caca Montagu ya buƙaci a sa masa nama tsakanin yanka biyu na burodi don kada ya tashi, wasu masana kuma suna ganin a teburin aikinsa ne, tunda ya shugabanci ma'aikatar sojan ruwa. Ko wanne ne, suna kawai ya bayar. Cin abinci a tsaye a bakin titi ya girme shi da nisa, domin a kangon birnin Pompeii na Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an tono rumfunan sayar da dafaffen abinci kusan 80, kuma a wadda aka nuna wa duniya a Disamba 2020 an tarar da ragowar agwagwa da akuya da kifi a cikin tukwane.

Na fara fahimtar wannan al'amari ne a Istanbul, inda harkar kasuwanci ta kai ni tare da wani abokin tafiya wanda ya yi rantsuwa cewa ba zai sa wani abu a bakinsa ba sai abin da ya san sunansa. Kwana uku muka yi muna cin abincin otal, a rana ta huɗu na ja shi zuwa Eminönü, a gindin gadar Galata, inda jiragen fito ke sauke dubban mutane masu zirga-zirga tsakanin ɓangaren Turai da na Asiya. A can ake sayar da abin da suke kira balık ekmek, ma'ana kifi da burodi, kuma sunan bai ɓoye komai ba: tsagin kifi ne gasasshe a cikin rabin burodi, da albasa da latas, sai gishiri da ruwan lemon tsami da mutum zai zuba da kansa, a gefe kuma ana sayar da wani jan ruwan tsami a kofi, na kayan lambun da aka jiƙa. Ana zama a kan 'yan gajerun kujeru, ɗalibi kusa da ma'aikacin banki kusa da tsohuwa da jikarta, masu fatsa sun jeru a saman gadar, hayaƙin gashi ya gauraye da iskar teku. Abokin nawa ya ci ɗaya, ya nemi na biyu. Daga baya na sami labarin cewa yawancin kifin da ake gasawa a wurin yanzu daga Norway ake shigo da shi a daskare, saboda na tekunsu ya ragu ƙwarai. Wannan bai rage mini daɗinsa ba, sai ma ya koya mini wani abu game da halin da kamun kifi ke ciki a yankin, abin da babu mai yi wa baƙi jagora da zai faɗa mini.

A Mumbai abin da ya riƙe gari shi ne vada pav. Dankalin Turawa ake dafawa a murƙushe da kayan yaji, a dunƙule, a tsoma a ƙullun garin wake, a soya, sannan a sa a cikin ɗan ƙaramin burodi mai laushi tare da yajin tafarnuwa da soyayyen ɗanyen barkono. Ana danganta farkonsa da wani mai suna Ashok Vaidya, wanda ya kafa teburinsa a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Dadar a 1966, daidai inda ma'aikatan masaƙu ke wucewa da sassafe. Da aka yi babban yajin aikin masaƙun birnin a 1982, wanda ya shafi ma'aikata kusan 250,000 kuma ya ƙare da rufe masaƙu da yawa, sai wasu daga cikin waɗanda suka rasa aiki suka koma wannan sana'a. Abin sha'awa kuma, kalmar pav daga harshen Fotugal ta fito, domin su suka kawo irin wannan burodi gaɓar yammacin Indiya, shi kuwa dankalin asalinsa daga Kudancin Amurka yake. Abincin da mutanen Mumbai ke alfahari da shi a matsayin nasu na kansu, ashe rabinsa baƙo ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Durban, a Afirka ta Kudu, wanda suke kira bunny chow. Burodi ake yankawa gida huɗu ko gida biyu, a ƙwaƙule cikinsa ya zama kamar kwano, a cika shi da miyar kori ta naman rago ko ta wake, a ɗora tsokar burodin da aka cire a sama, a ba ka da gurzajjen karas mai yaji. Da hannu ake ci, ana fara dangwala tsokar, sannan a riƙa gutsurar bangon har a iso ƙasa, inda miyar ta jiƙa burodin sosai. Daga 1860 zuwa 1911 Turawan mulkin mallaka sun kwaso Indiyawa sama da 150,000 zuwa yankin Natal domin aikin ƙwadago a gonakin rake, kuma zuriyarsu ce ta ƙirƙiro wannan abinci. Akwai ruwayoyi daban-daban a kan yadda ya fara. Wata ta ce leburori ne suka rasa abin zuba miya zuwa gona, sai suka mai da burodi mazubi. Wata kuma ta ce a zamanin wariyar launin fata, lokacin da doka ta hana baƙar fata zama a cikin wasu gidajen abinci, masu shagunan sukan miƙo musu miyar ta taga a cikin burodi, tunda babu kwanon da za a jira a dawo da shi. Duk wadda mutum ya ɗauka, abin da ke hannunsa ya fito ne daga ƙunci, kuma yau babu wani jinsi a birnin da ba ya cinsa. Na ziyarci gidan tarihi a wannan tafiya, na karanta allunan da ke bango, amma abin da dattijon da muka zauna benci ɗaya ya ba ni labari, muna ci miya tana zuba a yatsunmu, shi ne ya zauna mini.

Irin wannan labari yana da yawa. A New Orleans ta Amurka akwai dogon sanwici da ake kira po' boy, wato yaron talaka, wanda ake cikawa da soyayyen jatan lande ko naman sa da romo, kuma labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne wasu 'yan'uwa biyu, Bennie da Clovis Martin, tsofaffin ma'aikatan jiragen ƙasa na cikin gari, sun ciyar da abokan aikinsu da shi kyauta a yajin aikin 1929. A Florence ta Italiya, inda baƙi ke tururuwa domin kallon zane-zane da gine-gine, abincin 'yan gari shi ne lampredotto, wato tumbin saniya, ɗaki na huɗu, wanda ake dafawa har ya yi laushi, a yayyanka, a sa koren yaji, a tsoma murfin burodin a romo kafin a rufe. Abin da masu hali suka bari bayan sun kwashe tsoka, shi talaka ya gyara har ya zama abin da ake bin layi a kansa.

Akwai masu tafiya da ke wahalar da kansu da neman abin da suke kira na asali, kamar dai kowane abinci yana da gari ɗaya da ya tsiro kuma duk wani nau'insa jabu ne. Tarihin naman da ake gasawa a tsaye a jikin ƙarfe mai juyawa ya isa ya warkar da mutum daga wannan. A ƙasar Turkiyya aka san shi tun ƙarni na 19. Bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus ta Yamma ta ƙulla da Turkiyya a 1961, Turkawa suka cika masana'antun Jamus, kuma a farkon shekarun 1970 aka fara sayar da wannan nama, wanda Turkawa ke kira döner, a cikin burodi a Berlin, ana yawan ambaton Kadir Nurman da rumfarsa ta 1972 a matsayin ɗaya daga cikin na farko. Na Berlin ya sha bamban da na Istanbul, ya fi yawan ganye da miya, kuma yau yana cikin abincin titi da aka fi ci a Jamus. Wannan dabarar gashin ce Larabawa ke kira shawarma, kuma 'yan Labanon da suka yi hijira zuwa Puebla ta Meziko a farkon ƙarni na 20 sun tafi da ita, inda mutanen ƙasar suka canza naman, suka canza yajin, suka ƙara abarba, ya zama wani abu dabam. Haka Biyetnam ta karɓi dogon burodin Faransawa a zamanin mulkin mallaka, ta sauƙaƙa shi, ta cusa masa karas mai tsami da barkono da ɗanyen ganye, ya zama bánh mì, sannan 'yan gudun hijirar bayan 1975 suka yaɗa shi a biranen duniya. Saboda haka idan na sauka a gari, tambayar da nake yi ita ce yadda mutanen nan suke yin nasu, ban damu da ko ya yi daidai da na wani gari ba.

Sai kuma batun yadda baƙo zai gane inda ya kamata ya ci, kuma a nan ina da ƙorafi a kan zamani. Tafiya domin abinci ba sabuwar sana'a ba ce. Kamfanin tayar mota na Michelin ne ya fara buga littafin jagora a Faransa a 1900, lokacin da motocin ƙasar ba su kai 3,000 ba, da nufin mutane su yawaita tuƙi tayoyi su cinye. A 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro, daga baya ya mai da su matakai uku, kuma ma'anar tauraro uku ita ce wurin ya cancanci a yi tafiya takanas dominsa. Wannan tsari ya daɗe yana kallon manyan gidajen abinci kawai, sai a 2016 aka ga ya ba wasu rumfuna biyu na kasuwar abinci a Singafo tauraro. Yanzu kuma intanet ta karɓi aikin, kowa da wayarsa, kowa da jerin wurare goma da wai dole a je. Sakamakon shi ne rumfa ɗaya takan sami layin baƙi na awa biyu, masu ɗaukar hoto kafin su ɗanɗana, alhali ta kusa da ita, wadda 'yan unguwa suka fi so, babu kowa a gabanta sai su. Mai rumfar da ta yi suna yakan shiga matsi, ya ƙara ma'aikata, ya fara dafawa tun dare, kuma sau da yawa abin da ya jawo masa sunan shi ne farkon abin da ke raguwa.

Ni dai abin da ya fi yi mini amfani shi ne tsohuwar maganar nan cewa da ɗan gari akan ci gari. Amma tambayar ma tana da salo. Idan ka tambayi ma'aikacin otal inda ake samun abinci mai kyau, zai tura ka inda yake zaton baƙo zai so. Idan ka tambaye shi inda shi ya ci jiya da rana, amsar takan bambanta. Direban tasi da mai gadi da ɗan dako a kasuwa sun fi kowa sanin inda ake ƙoshi da kuɗi kaɗan. Ina kuma duba wurin da abu ɗaya ko biyu kawai ake sayarwa, domin wanda ya shekara ashirin yana soya abu guda ya san shi ciki da waje, kuma kayansa ba sa kwana. Lokaci ma yana da muhimmanci. A Alƙahira, ful (dafaffen wake) da ta'amiyya (wani irin ƙosai) a cikin burodinsu na gargajiya abincin safe ne, kuma wanda ya je nema da la'asar, ko ya samu, ba zai sami irin na ƙarfe bakwai ba, lokacin da man ke da zafi kuma ana kwashewa ana miƙawa.

Ba zan ɓoye cewa akwai abin lura ba. Na farko shi ne abin da ke cikin abincin, musamman ga wanda addininsa ko lafiyarsa ta hana shi wasu abubuwa. Ido ba ya wadatarwa a nan. Sanwicin saifa da huhu na Palermo ta Italiya naman maraƙi ne, amma da kitsen alade ake soya shi. Francesinha, sanwicin birnin Porto na Fotugal, tana da naman alade a ciki, kuma akan sa giya a miyarta. Yawancin bánh mì ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade ko da abin da aka cusa kaza ce, kuma naman gashin Meziko da na ambata shi ma alade ne. Maganin wannan shi ne mutum ya koyi kalmomi uku ko huɗu na harshen garin, ya rubuta su a takarda idan furucin ya gagare shi, ya tambayi nama, ya kuma tambayi man da aka yi amfani da shi. Sau da yawa ma mafita tana kusa, tunda vada pav da ta'amiyya da kosharin Masar (haɗin shinkafa da taliya da dangin wake) duk babu nama a cikinsu.

Na biyu shi ne tsabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, kuma 420,000 daga cikinsu ke mutuwa, don haka ba abin wasa ba ne. Sai dai shawarar hukumar ba ta ce a guji titi ba. Abin da ta ce shi ne a dafa abinci ya dahu sosai, a riƙe shi da zafi sama da digiri 60 ko da sanyi ƙasa da digiri 5, kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan, a raba ɗanye da dafaffe, a kuma kula da ruwa. Idan aka auna da wannan ma'auni, kifin da aka ɗauko daga kan wuta a gabanka ya fi aminci a kan abincin da aka jera tun safe a babban ɗakin cin abinci ana ɗumamawa sama-sama. Abin da nake gudu shi ne ƙanƙarar da ban san ruwanta ba, da yankakkun 'ya'yan itace da suka daɗe a buɗe, da mai sayarwar da ke karɓar kuɗi da hannun da yake taɓa burodi.

Wani zai ce tafiya domin ciki almubazzaranci ne a lokacin da mutane da yawa ke neman abin da za su ci. Na fahimci wannan magana, kuma ban ce kowa ya sayi tikitin jirgi domin burodi da kifi ba. Yawancin masu tafiya wani dalili ne ya riga ya fitar da su, kasuwanci ko karatu ko jinya ko taro, kuma dole su ci abinci sau biyu ko uku a rana ko sun so ko sun ƙi. Abin da ya rage shi ne inda kuɗin zai tafi, ko aljihun babban kamfani ko hannun matar da ke ciyar da 'ya'yanta da kasko ɗaya. Ƙasashe ma sun fara gane darajar abin. Singafo ta kwashe masu sayar da abinci daga tituna ta gina musu cibiyoyi sama da 100 masu ruwa da wutar lantarki, kuma a Disamba 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada a jerin kayan gadon ɗan Adam, kamar yadda ta sa dogon burodin Faransa a 2022.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk wakilin da jaridarku za ta tura wani birni, ko mai karatu da zai aiko da labarin tafiyarsa, a nemi ya keɓe ko sakin layi biyu ne ga abin da talakan garin ke ci a tsaye. Ya faɗi sunan abincin kamar yadda masu shi ke kiransa, da abin da ke cikinsa har da man suya, da unguwar da ake samunsa, da lokacin da ya fi kyau a je, sannan ya tambayi mai sayarwar shekara nawa ya yi a wurin da kuma wanda ya koya masa.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku